Dariya a Gaban Dodo: Ina Iyakar Mumini?

Cikin fina-finan da ake tura wa mutane a waya a kasuwannin Maƙarfi da Ikara da Kudan, har zuwa garuruwa irin su Gubuchi, akwai wani nau'i da kasuwarsa ba ta faɗuwa: wanda ake cuɗa ban tsoro da ban dariya a cikinsa. Labarin kusan guda ne kullum. Wani matsoraci mai cika baki ya ratsa ta gindin tsamiya da tsakar dare, ya hangi farin abu yana motsi, ya watsar da hula da takalmi ya ranta a na kare. Ko kuwa wani boka ya shige ɗaki mai duhu yana maƙe murya wai mutanen ɓoye ne ke magana, sai abin da yake kira da wasa ya amsa masa da gaske. 'Yan kallo su yi ta ƙyaƙyatawa, alhali da yawansu ba za su yarda su ratsa gonar rake su kaɗai bayan lisha ba. Wannan ne ya sa wasu masu kishin addini suke tambaya, kuma tambayar tana da nauyi: mutumin da ya yi imani da gaibu, ya gaskata akwai aljanu, ya san sihiri yana aukuwa, ya san kabari na jiransa, ta yaya zai zauna yana dariya a kan irin waɗannan abubuwa? Matsayina shi ne, galibin wannan dariya tsoron da ya wuce iyaka ake yi wa, da kuma masu cin kasuwar tsoron, kuma dariya irin wannan tana yi wa tauhidi hidima. Ɓarnarta tana somawa ne daga inda ta juya kan abin da Allah ya girmama, ko kan bawan Allah da ba shi da bakin ramawa.

Domin a gane yadda wannan nau'i yake aiki, ya kamata a dubi inda ya fi bunƙasa, wato Amurka tsakanin shekarun 1930 da 1950. A 1931 kamfanin Universal ya fitar da Dracula da Frankenstein, fina-finan ban tsoro zalla waɗanda suka kawo masa kuɗi a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Ba a jima ba 'yan barkwanci suka kutsa cikin gidan dodannin. A 1939 Bob Hope ya fito a The Cat and the Canary, a 1940 ya sake fitowa tare da Paulette Goddard a The Ghost Breakers, a 1941 kuma Bud Abbott da Lou Costello suka yi Hold That Ghost. Abin ya kai ƙololuwa a 1948 da fim ɗin Abbott and Costello Meet Frankenstein, inda Bela Lugosi ya koma matsayinsa na Dracula, Lon Chaney ƙarami ya fito a mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, aka haɗa su da wasu 'yan dako biyu marasa kan gado. Duk wanda ya lura da shekarun zai ga cewa na yaƙin duniya na biyu ne da 'yan shekarun da suka biyo bayansa. Mutanen da ke karanta sunayen matattu a jarida da safe, su ne ke biyan kuɗi da yamma su yi wa fatalwa dariya. Ba rashin sanin mutuwa ne ya kai su silima ba, sun san ta fiye da yadda suke so.

Fina-finan nan kashi biyu ne, kuma kowane kashi da abin da yake koyarwa. A kashi na farko babu fatalwar ma sam. A The Cat and the Canary dangi ne suka taru a wani tsohon gida don sauraren wasiyya, sai aka yi ta ganin hannu yana fitowa daga bango, ƙofofi suna buɗe kansu. Daga ƙarshe ta bayyana ɗan'uwa ne ke son ya haukata magajiya don gado ya dawo gare shi. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ranar rabon gona ya san irin wannan dodo. A kashi na biyu dodannin na gaske ne, kuma ba a wasa da su: Lugosi ya riƙe kwarjinin Dracula a fim ɗin 1948. Costello ne ke ganin akwatin gawa yana buɗewa, tsoro ya ɗaure masa harshe har ya kasa kiran sunan abokinsa, shi kuwa Abbott kullum sai ya iso bayan an rufe akwatin, ya hau shi da faɗa wai ya cika camfi. Mutum biyu ake yi wa dariya ke nan: wanda tsoro ya raba da hankalinsa, da wanda taurin kai ya hana ganin abin da ke gabansa. Wanda ya yi imani da gaibu ba shi da abin ƙi a wannan rabo, domin shi ma tsakanin waɗannan ɓata biyu aka umarce shi ya bi.

Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa wannan ba. Dodon tatsuniya ƙato ne mai cin mutane, amma sau nawa yarinya ƙarama ko Gizo suke yi masa wayo? Kura ita ce abin tsoron dare a ƙauye, ita ce kuma wawiyar tatsuniya da kwaɗayi ke kai ta ga halaka. Uwar da ke ba da labarin da dare tana koya wa yaro cewa abin da ya fi shi ƙarfi bai zama lalle ya fi shi hankali ba. A tashen watan azumi yara suna kwaikwayon Jatau mai magani, suna jera saiwoyi da ɓawo suna zuzuta su, manya na dariya suna ba da sadaka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, cike yake da aljanu da 'yan damfara a shafi ɗaya, kuma an karanta shi a makarantun ƙasar Zazzau shekara da shekaru. Silima kam ta shigo da zargi a kanta. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, wasu suna kiran abin dodon bango, kuma da gobara ta tashi a silimar El Duniya a watan Mayun 1951 ta kashe mutum 331, da yawa sun ɗauke ta a matsayin horo daga Allah. Duk da haka jama'a ba su daina zuwa ba, fina-finan Indiya suka mamaye allo, su ma da nasu gidajen fatalwa irin Bhoot Bungla na Mehmood a 1965. Da fim ɗin Hausa na kaset ya kankama bayan Turmin Danya a 1990, sai camama ta gaji wannan gado, marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, ya sha fitowa a boka ko ɗan tsibbun da asirinsa ke tonuwa a bainar jama'a.

To me addini ya ce game da tsoron kansa? Malamai sun bambanta tsoro na ɗabi'a da tsoro na ibada. Na ɗabi'a babu laifi a cikinsa: Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya juya da baya lokacin da sandarsa ta zama macijiya. Wanda ya razana da motsi a duhu bai yi saɓo ba, Hausawa ma sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsoron da ake zargi shi ne wanda zuciya ke ba wani mahaluki ikon cutarwa a ɓoye ba tare da iznin Allah ba, har mutum ya yanka baƙin bunsuru a gindin kuka, ko ya ajiye nono a mararraba don neman sulhu. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta ambaci mazajen da ke neman tsari da aljanu, ta nuna hakan bai ƙara kome ba sai ɓarna a kan ɓarna. Abin lura kuma shi ne yadda nassi ke nuna aljanu idan ya zo ba da labarinsu. A aya ta 14 ta Suratu Saba'i, Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suka ci gaba da aikin wahala suna tsammanin yana kallonsu, har sai da gara ta ci sandar ya faɗi, sannan ta bayyana ba su san gaibu ba. A hadisin da Buhari ya ruwaito, Abu Huraira yana gadin abincin zakka ya kama ɓarawo dare uku a jere, kullum yana magiya da talauci da yawan iyali, a dare na uku ya fanshi kansa da koya masa falalar Ayatul Kursiyyu, daga baya Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da shi cewa shaiɗani ne. Halittar da gara ta tona wa asiri, wadda sahabi ɗaya ya riƙe tana roƙon a sake ta, ba ta cancanci girman da muke ba ta a zukatanmu ba. Imani da samuwar aljanu wajibi ne. Firgita da su babu wanda ya wajabta shi.

Tsoron da ya wuce kima kuwa yana da farashi, kuma marasa ƙarfi ne ke biya. An daɗe a ƙasar Hausa ana danganta shanyewar ƙafar yaro da wata iska, alhali ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi ke tarewa, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Nijeriya ta rabu da ita. Mai farfaɗiya har yau a wurare da dama hayaƙi ake fara yi masa kafin a tuna da asibiti, a gudu daga yawunsa kamar yana harbi. Matar da ta haihu hankalinta ya gushe, a ce ta yi gamo. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu aka danganta abin da wata aljana mai suna Sumbuka, kaset-kaset na hira da aljanu sun zama haja a kasuwa. Raɗe-raɗin satar mazakuta kuwa duk lokacin da ya taso sai an yi wa wani baƙo dukan kawo wuƙa saboda ya miƙa hannu an gaisa. A kowane ɗayan waɗannan akwai mai karɓar kuɗin turare da zakara, kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi. Jarin boka kwarjini ne. Wa'azi yana gaya wa mutum cewa zuwa wurinsa haramun ne, kuma hadisin Muslim ya yi gargaɗin rashin karɓar sallar kwana arba'in ga mai zuwa wurin ɗan duba. Amma mutum yana iya sanin haramcin ya kuma je a ɓoye, domin tsoron bai bar shi ba. Abin da camama ke yi shi ne ta nuna yaron boka a bayan labule yana busa cikin tulu. Wanda ya taɓa yin dariyar wannan, idan ya shiga ɗakin duhu gobe, zai yi wuya kunnensa bai nemi tulun ba. Aikin da Nana Asma'u da 'yan taru suka yi a ƙarni na 19 na janye mata daga bori da ilimi ne, kuma babu mai daidaita shi da wasan kwaikwayo. Sai dai dariya tana share wa ilimi hanya ta wurin rage kwarjinin abokin hamayyarsa.

Wannan matsayi yana da masu suka. Suka ta farko, kuma mafi ƙarfi a wurin malamai, ita ce batun izgili. Ayoyi na 65 da 66 a Suratut Tauba sun yi hukunci mai tsanani a kan waɗanda suka yi ba'a da Allah da ayoyinsa da Manzonsa, suka kuma kare kansu da cewa wasa suke yi. Mai suka zai ce aljanu da sihiri da kabari duk Alƙur'ani ya ambace su, saboda haka wasa da su wasa ne da ayoyi. Amsar ita ce ambaton abu a cikin Alƙur'ani bai mayar da shi abin girmamawa ba. An ambaci Fir'auna da Abu Lahabi da Iblis, babu kuma wanda ya ce a yi musu ladabi. Abin da aka tsare shi ne labarin da Allah ya bayar da hukuncin da ya yanke. Sannan da yawa daga abin da ake dariyarsa ma ba ya cikin aƙida. Fatalwa, wai mamaci ya taso yana yawo a unguwa, ta ci karo da ayoyi na 99 da 100 na Suratul Muminuna da suka nuna akwai shamaki tsakanin mamaci da komowa duniya. Maita a yadda ake fasalta ta, wai ana shan ta a nono, ana hango hanjin mutum, ana kama kurwa a ɓoye ta, ba ta cikin abin da aka ɗora wa Musulmi ya gaskata. Amma sukar tana da inda ta yi daidai, kuma ba a kauce masa. Fim ɗin da zai sa ɗan wasa ya karkace aya don a yi dariya, ko ya nuna an karanta Ayatul Kursiyyu aljani ya tuntsire da dariya, ko ya mayar da tambayar kabari abin raha, ya tsallake iyaka, kuma yawan masu kallonsa ba zai wanke shi ba.

Suka ta biyu ta dogara da hadisai biyu da Abu Dawuda ya ruwaito: ɗaya yana yi wa mai shirya ƙarya don ya ba mutane dariya barazanar azaba, ɗayan yana hana Musulmi ya tsorata ɗan'uwansa, kuma sanadinsa wasa ne da wasu sahabbai suka yi wa abokin tafiyarsu yana barci. Malaman zamani sun saɓa a kan wasan kwaikwayo, kuma masu hanawa ba jahilai ba ne. Sai dai illar ƙarya ita ce yaudara, a sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba. Wanda ya zauna kallon Ibro ya san Rabilu Musa ne, ya san jar hodar da ke fuskar aljanin daga kasuwa aka sayo ta. A zaurukan ilimi na Zariya da Kano an shekara ɗaruruwa ana karanta Maƙamomin Hariri, wanda ya rasu a 1122, alhali gwarzonsu Abu Zaidi ƙagaggen ɗan damfara ne, yau ya fito a mai wa'azi gobe a makaho. Malamai ba su ɗauki Hariri maƙaryaci ba, domin kowa ya san ƙage ne. Haka batun tsoratarwa: mai kallo shi ya zaɓi ya tsorata, kuma yana iya kashe wayar. Wanda hadisin ya kama kai tsaye shi ne saurayin da zai naɗe jikinsa da farin ƙyalle ya laɓe a hanyar rafi ya firgita mata da tsofaffi, abokinsa na ɗauka da waya don a ɗora a TikTok. Wannan bai nemi yardar kowa ba, kuma mai hawan jini ko mai juna biyu na iya biyan kuɗin dariyar da ransa.

Suka ta uku ta fi taɓa zuciya. An ruwaito cewa yawan dariya yana kashe zuciya, kuma Imamu Gazali a Ihya'u ya sanya raha cikin abubuwan da harshe ke iya halaka mutum da su idan ta yi yawa ko ta zama sana'ar rayuwa. Mai wannan suka yana tsoron kada sabo da ganin makara da likkafani a wasa ya sa mutum ya bi jana'iza yana duba waya. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ban ga dalilin musa shi ba. Manzon Allah ya miƙe tsaye lokacin da aka wuce da gawar Bayahude, don girmama rai da mutuwa. Sai dai Gazalin nan bai haramta raha ba, ya iyakance ta ne, kuma aya ta 43 a Suratun Najmi ta jingina sanya dariya da sanya kuka duka ga Allah. Sannan akwai bambanci tsakanin tsoron mutuwa da tsoron matattu. Na farko yana sa mutum ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabci, ya mayar da iyakar gona inda take. Na biyu yana hana shi kwana a ɗakin da mahaifinsa ya cika, ya sa ya guji wankan gawa, ya sa a bar maƙabarta ta zama daji don kowa na shakkar shiga sharar ta. Dariyar da ta kashe na biyu ba ta taɓa na farko ba, sau da yawa ma sai na biyu ya kau sannan na farko ke samun wurin zama.

Akwai kuma masu suka daga ɗaya ɓangaren, waɗanda ke ganin duk fim mai aljani camfi yake ƙara wa jama'a, gara a daina nuna shi kwata-kwata. Suna da hujja a kan fina-finan ban tsoro zalla, inda tsafi ke ci kullum, malami ya zama wani boka mai carbi, a tashi kallo zuciya ta ƙara tabbata cewa kishiya ce ta yi sammu. Amma shiru ba ya kawar da abin da ke cikin zukata. Mutanen karkara ba a fim suka fara jin labarin doguwa ba. Tun a ƙarni na 9 Jahiz na Basra ya kawo a littafinsa na dabbobi cewa kaɗaici da duhun sahara suna sa matafiyi ya ji muryoyi ya ga siffofi, har ya dawo yana ba da labarin gamuwa da dodo, kuma ya faɗi haka yana Musulmi mai gaskata Alƙur'ani. Wannan shi ne matsayin da fim ɗin barkwanci yake koyarwa ba tare da lacca ba: kafin ka ce aljani ne, duba ko jakin maƙwabci ne ya tsinke. Mai musun gaibu gaba ɗaya ba zai sami kunnen kowa a Gubuchi ba. Mai sa mutane su yi wa gudun da suka yi jiya dariya zai samu.

Laifin da ya fi girma a wannan nau'i yana wani wuri dabam, kuma masu suka ba su cika ambatonsa ba. Masana falsafar Turai sun yi bayanin dariya ta hanyoyi biyu. Kant na Jamus ya ga tana zuwa ne idan abin da aka ɗaure zuciya ana jira ya tashi a banza; Hobbes na Ingila ya ga tana zuwa ne idan mutum ya ji ya fi wani. Ta farko sauƙi ce bayan ƙunci, ta biyu girman kai ce. Fina-finan Amurka na wancan zamani sun cika da ta biyu: a The Ghost Breakers an sa Willie Best, baƙar fata, ya zama bara mai rawar jiki, haka Mantan Moreland a King of the Zombies na 1941, don farar fata su ji cewa tsoro da camfi halin wasu ne. Mu ma muna da namu. Wa ake sa wa baƙar hoda da jajayen idanu a ce mayya ce? Tsohuwa matalauciya wadda ba ta da ɗa namiji. Wa ake nunawa yana bautar gunki yana gwamutsa Hausa? Bamaguje ko Bagwari, alhali a ƙasar Zazzau maƙwabta ne da ake haɗuwa da su a kasuwa ɗaya. Wa ake bi da jifa a fim ana shewa? Mai taɓin hankali. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu ba'a, kuma a nan hanin yana da jini a bayansa, domin tsohuwar da aka saba ganin irinta a allo tana cin kurwa, ita ce za a kewaye ranar da yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, a ce sai ta tsallake shi. Al'adarmu tana da ma'aunin da ya dace. Barkwancin Kanawa da Zagezagi yana da daɗi ne saboda kowa na iya ramawa, a rabu ana dariya. Wadda aka kira mayya ba ta da abin ramawa.

Saboda haka hukuncin ba ya rataye a kan ko an nuna aljani a fim ko ba a nuna ba. Yana rataye ne a kan wanda dariyar ta faɗa wa da abin da ta bari a zuciya. Idan ta faɗa kan mai cika bakin da ya gudu ya bar matarsa, ko kan ɗan damfarar da ke sayar da tsoro, ko kan ɗan'uwan da ya sa rigar fatalwa don ya cinye gadon marayu, to ta yi aikin da mai wa'azi zai yi maraba da shi. Idan ta faɗa kan aya ko kan gawa ko kan raunanan mutane, haramcinta bai buƙaci dogon bincike ba. Wannan ma'auni ya kamata ya kasance a hannun marubutan camama, da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001, da kuma uban da ke karɓar wayar ɗansa ya duba abin da aka tura masa. Jama'ar arewacin Kaduna a shekarun nan sun san tsoro na gaske, na masu bindiga da ke tare hanya su nemi kuɗin fansa, kuma wannan tsoro yana buƙatar hankali a natse, da shawara, da haɗin kan maƙwabta. Al'ummar da ta ƙarar da kuzarinta wajen zargin tsofaffinta da biyan bokayenta ba za ta sami ragowar da za ta fuskanci wannan ba. Aya ta 175 a Suratu Ali Imrana ta bayyana cewa tsoratarwa makamin Shaiɗan ne, ta kuma umarci muminai su mayar da tsoronsu ga Allah shi kaɗai. Mutumin da ya iya dariyar abin da bai cancanci tsoro ba ya fi kusa da cika wannan umarni fiye da wanda kowace inuwa ke juya shi.